Gansakuka da Haɗarin Zamewa a Gida

A Gulma da sauran garuruwan kwarin Rima, kamar Argungu da Birnin Kebbi, damina kan bar kore-kore a daɓen makewayi da bakin rijiya. Wannan ita ce gansakuka, wato ƙananan halittu masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai. Sukan fitar da yauƙi don tsare danshinsu, kuma wannan yauƙi ne ke hana tafin ƙafa kama ƙasa.

A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Dalili kuwa shi ne ƙashi yakan rage ƙwari da tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar haila, har zamewa guda ta iya karya ƙugu.

Tun da gansakuka ba ta yaɗuwa sai da danshi, maganinta bushewa. A riƙa share rariya, a karkata daɓe don ruwa ya wuce, a bar siminti da kaushi, sannan a goge wurin da toka da tsintsiya kowane mako. Da dare kuma, kada tsoho ya zagaya ba fitila.