Idan tumaki sun hana gida barci

Tunkiya ba ta kuka haka kawai. Kafin ka ɗauki sanda, ko maƙwabci ya kai ƙararka wurin maigari, duba abin da ke damunta.

Kukan da ya fi tayar da hankali a gidajen garin Ɗan Barto na ragon turka ne. An sayo shi kasuwar Matameye, an raba shi da garke, an ɗaure shi a bayan ɗaki shi kaɗai. Dabbar garke ce, kaɗaici yana firgita ta matuƙa. Ɗaure masa abokin zama inda zai riƙa ganinsa, ko da akuya ce. Cikin ƴan kwanaki zai lafa.

Sai kuma sabo. In duk sanda suka yi kuka kana watsa musu dusa, ka koya musu kiranka ke nan. Tsayar da lokaci, safe da yamma. Harawar wake ko ta gyaɗa ka ajiye musu ta dare, don wadda ta ƙoshi kwanciya take yi tana tuƙa. Da rani ƴaƴan gawo na taimakawa ƙwarai, ga su nan birjik a gonakinmu. Ruwa da ƴar kanwa kada su yanke.

Lokacin yaye, wajen wata 3, nisanta uwa da ɗa yadda ba za su ji muryar juna ba.

Amma wadda ta ware gefe, ta daina ci, tana cizon haƙora, ko cikinta ya kumbura ta hagu, kira mata malamin dabbobi a ranar, kada ka bari ta kwana.