Kafuwar Birnin Fallomi: Daga Sansanin Soja Zuwa Zangon Fatake da Alhazai

Gabatarwa

Mafi yawan garuruwan da aka saba nazarin tarihinsu a ƙasar Hausa suna da labarin asali wanda ya danganci wani maharbi, ko malami, ko ɗan sarki da ya yi yaji ya sari daji. Amma akwai wani rukunin garuruwa da ba su da irin wannan labari, domin kuwa an san ranar da aka kafa su, an kuma san wanda ya ba da umarnin kafa su. Irin waɗannan su ne garuruwan bariki, wato waɗanda suka tsiro a gindin sansanin sojan Turawa. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato Fort-Lamy, wanda bakin Bahaushe ya mayar da shi Fallomi, kuma tun 1973 ake kiransa Injamena, babban birnin ƙasar Chadi. Abin da ake son ganowa shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi wurin, da kuma irin mutanen da suka mayar da sansanin ya zama gari.

Yaƙin Kusuri

Ba za a fahimci kafuwar Fallomi ba sai an koma kan Rabe. Shi dai mutumin ƙasar Sudan ne, ya yi aikin soja a ƙarƙashin Zubairu Basha, daga baya ya ɓalle ya nufo yamma da rundunarsa. A shekarar 1893 ya ci daular Barno, ya ƙone Kukawa, ya mayar da Dikwa hedkwatarsa. A daidai wannan lokaci Faransawa suna da burin haɗe mallakarsu ta Aljeriya da ta Afirka ta Yamma da ta Kwango a bakin Tafkin Chadi, saboda haka suka tura runduna uku daga fuskoki uku. Ta yamma ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙwanni da sauran garuruwan Hausa a 1899, kafin shugabancinta ya koma hannun Joalland da Meynier. Ta arewa, ƙarƙashin Foureau da Lamy, ta keto Sahara ta biyo ta Agadas da Damagaram. Ta kudu kuwa Gentil ne ya jawo ta daga Kwango, ta biyo Kogin Shari.

Rundunonin nan sun haɗu a Kusuri, inda Kogin Logon yake zuba cikin Shari. Ran 22 ga Afrilu, 1900 aka gwabza, aka kashe Rabe, shi ma Lamy wanda ya jagoranci yaƙin ya samu raunin da ya zama ajalinsa a wannan rana.

Zaɓen Wuri

Mai karatu zai iya tambaya, tun da Kusuri tsohon gari ne na Kotoko, mai ganuwa, kuma yana hannun Faransawa, me ya hana su zauna a cikinsa? Amsar tana cikin wata yarjejeniya da Faransa da Jamus suka ƙulla a 1894, wadda ta sa Kogin Shari ya zama iyaka a wannan yanki. Kusuri ta faɗa rabon Jamus, duk da cewa a lokacin babu Bajamushe ko ɗaya da ke zaune a can. Don haka ran 29 ga Mayu, 1900 Gentil ya kafa sansani a tsallaken kogin, a gaɓar da take rabon Faransa, ya sa masa sunan Lamy.

Idan aka auna wurin da ma'aunin da magabata suke auna mazaunin gari, ba za a ce an yi dace ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai laka, ruwa yana kwanciya a kanta da damina, sauro ya yi yawa, babu kuma dutsen gini a kusa. Amma ga soja wurin yana da amfani biyu. Na farko, kogi shi ne hanyar da kayan yaƙi da abinci suke isowa daga Kwango, ko da yake tafiyar takan ci watanni. Na biyu, daga nan ana iya sa ido a kan Barno ta yamma, inda Fadlalla ɗan Rabe ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a Gujba a 1901, da Kanem ta arewa, inda 'yan ɗariƙar Sanusiyya suke riƙe da Bir Alali har 1902, da kuma Wadai ta gabas. Wato dai bukatar yaƙi da layin da aka ja a takarda a Turai su suka zaɓi mazaunin, ba albarkar ƙasa ba.

Mazaunan Farko

Sansani ba ya zama gari sai an samu masu dafa abinci, masu ɗebo ruwa da itace, da masu sayar da abin masarufi. Turawan da ke Fallomi a shekarun farko 'yan ƙalilan ne. Sojojinsu baƙaƙen fata ne, da yawansu an ɗebo su daga Sanagal da ƙasar Bambara, kuma kusan kowannensu ya yi iyali a wurin. Sai dai rukunin da ya fi tasiri shi ne na mutanen Rabe kansa. Da rundunarsa ta watse, an bar ɗimbin mayaƙa da mata da bayi waɗanda aka kamo tun suna yara daga ƙasashen Banda da Kiresh da Sara. Yawancinsu ba su da gidan komawa, wasu ma ba su san sunan ƙauyen da aka haife su ba. Wasu suka shiga sojan Faransa, wasu suka kafa bukkoki a bayan sansanin suna neman abin kai wa baka. Abin lura a nan shi ne, garin da aka sa wa sunan wanda ya ci Rabe da yaƙi, mutanen Rabe ne suka fara cika shi.

Bayan waɗannan sai masunta Kotoko da Larabawan Shuwa masu kawo nono da hatsi da dabbobi, waɗanda dama su ne 'yan ƙasa, sai Barebari da Bagarmawa da 'yan kasuwar Jallaba daga gabas. Kowane jinsi ya kama unguwarsa da mai unguwarsa. Tsofaffin unguwanni irin su Bololo da Marjan Dafak da Jambal Bahar suna nan har yau. Turawa kuwa suka ware nasu mazauni a bakin kogi, kamar dai yadda aka yi a sauran garuruwan mulkin mallaka.

Hausawa sun shigo ta ƙofa biyu, fatauci da aikin hajji, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake ɗauke da niyyar biyun. Kafin zuwan Turawa, mai nufin Makka ta ƙasa yakan sha wuya wajen ratsa Bagarmi da Wadai, zamanin Rabe kuma ya ƙara dagula hanyar. Bayan Faransawa sun kama Abeshe a 1909, sai hanyar gabas ta fara daidaita: daga Kano zuwa Yarwa, zuwa Dikwa, a haye kogi a Kusuri, a sauka Fallomi, sannan a miƙe Ati da Abeshe har Darfur. Mahajjacin wancan zamani ba ya tafiya da guzurin da zai kai shi. Yakan tsaya inda guzuri ya ƙare, ya yi ɗinki, ko jima, ko fawa, ko wanzanci, ko koyar da allo, har ya tara na gaba. Wani ya yi shekara, wani ya yi goma, wani kuma a nan ya yi aure ya hayayyafa, ana kiransa mai niyyar hajji har ya koma ga Mahaliccinsa. Ta haka zangon Hausawa ya kafu, da masu masauki waɗanda suke karɓar baƙo, su adana masa kaya, su yi masa dillanci, su kuma tsaya masa a gaban hukuma. Goro da tufafin Kano da kayan fata suna shiga ta hannunsu, shanu da busasshen kifi da kanwa suna fita.

Duk da haka garin bai yi saurin girma ba. A 1920 ne Chadi ta zama mallaka mai zaman kanta a cikin tarayyar ƙasashen Faransa na tsakiyar Afirka, amma har 1937 mutanen Fallomi kimanin 10,000 ne kawai. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe shi, bayan Gwamna Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940, garin ya zama mashigar sojoji da jiragen sama.

Harshen Gari

Ga ɗalibin harshe, akwai abin nazari a nan. A barikokin Nijeriya ta Arewa da na Gwalkwas, Hausa ce ta zama harshen soja, har aka samu irin Hausar nan da ake kira barikanci. A Fallomi abin bai tafi haka ba, ko da yake akwai Hausawa a garin tun da wuri. Rundunar Rabe tana magana da wani sauƙaƙƙen Larabci da ake kira Turku, kuma da shi tsofaffin mayaƙansa suka shiga sojan Faransa. Makiyayan da ke kewaye da garin Larabawa ne, manyan 'yan kasuwar gabas ma haka. Saboda haka Larabcin Chadi ya riga Hausa kama kasuwa da bariki, Bahaushe ya koye shi don ciniki, ya bar harshensa ga gida da unguwa da masallaci. Kwatanta wannan da Yarwa yana da amfani, domin ita ma a 1907 aka kafa ta kusa da sansanin Ingilishi na Mafoni. Bambancin shi ne, a Yarwa an kawo Shehun Barno da fadarsa, garin ya tashi da sarauta da harshen Barebari tun ranar farko. Fallomi kuwa ba ta gaji wata tsohuwar fada ba, harshen waɗanda suka fi yawa a gindin sansanin shi ya rinjaya.

Ko sunan da Shugaba Tombalbaye ya ba garin a 1973 daga wannan Larabci aka ɗauko shi, daga sunan wani ƙauyen Larabawa da ke kusa, ana kuma fassara shi da wurin hutawa. Iyakar da ta sa Gentil ya haye kogi ita ma tana nan, sai dai yanzu tsakanin Chadi da Kamaru take. Da yaƙi ya ɓarke a cikin birnin a 1980, haka kuma a 2008, dubban mazaunansa Kusuri suka tsallaka neman mafaka.