Darasi na 9: Shaye-shaye Ciwo Ne, Kuma Ana Maganinsa

Manufar darasi: a ƙarshen zaman nan kowace mamba ta san abin da likitoci suka gano game da shaye-shaye, inda ake neman magani, da taimakon da ƙungiya za ta iya bayarwa.

Lokaci: minti 45, bayan an gama zubi an kulle akwati.

Gabatarwa

Bari in fara da abin da ya faru a wata ƙungiyar da nake zagayawa. Akwai wata baiwar Allah da ba ta taɓa fashin zubi ba, sai ga shi ta yi mako uku ba ta kawo ko sisi ba, bashin da ta karɓa na sana'ar ƙuli-ƙuli ma ya gagara biyuwa. Aka ci ta tara, ta yi shiru. Da muka keɓe sai ta fashe da kuka. Ashe ɗanta ne ya kamu da shan tiramol, ya sayar mata da akuya, jarin kuma ya tafi wajen biyan mutanen da ya ɗaukar wa kaya. Kunya ce ta hana ta faɗa. Ni kaina a lokacin ban san shawarar da zan ba ta ba, shi ya sa na je na zauna da ma'aikatan lafiya na yi tambaya. Abin da na koyo shi ne na kawo muku.

Girman matsalar

A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun yi bincike a faɗin Najeriya. Sun gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. Wiwi ce ta fi yawa, sai ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramol, sannan maganin tari mai kodin. Cikin kowane mutum huɗu masu sha kuwa, ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kun ga ke nan ba gidanki kaɗai abin ya shiga ba.

Abin da bincike ya nuna

Da yawa ba da iskanci suka fara ba. Wani don ya jure aikin gona ko acaɓa ya fara, wata don ciwon baya bayan haihuwa, wata don ta samu barci saboda damuwar gidan miji. To idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba. Ƙwaya ɗaya da take isa a da sai ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da bai sha ba kuma jiki ya rikice: ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, majina, gudawa, rashin barci da saurin fushi. A wannan matakin mutum yana sha ne don ya tsere wa wahalar. Shi ya sa za ki ji ya rantse da asuba ya daina, kafin la'asar ya koma.

Likitoci suna kwatanta shi da hawan jini ko ciwon suga: ciwo ne mai daɗewa, ana shawo kansa da magani da kulawa, kuma yakan iya motsawa. Idan wanda ya daina ya sake sha, kada a ce magani ya ƙi. A mayar da shi wajen likita a gyara tsarin.

Yadda ake horar da ma'aikatan lafiya

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, galibinsu kuma suna manyan birane. Saboda haka a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da wani shiri mai suna mhGAP, wanda ke koya wa nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su kula da matsalolin ƙwaƙwalwa, har da shaye-shaye. Ana koya musu su yi tambaya ba tare da zagi ko gori ba: me kake sha, sau nawa, tun yaushe? Ana koya musu riƙe sirri, da yin nasiha ta yadda mai shan ne da kansa zai faɗi dalilin da ya sa yake son dainawa. Wanda abinsa ya yi nisa sai su tura shi gaba, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, ko na Maiduguri. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke da wanda aka horar ba, amma ki fara tambaya a nan, za su nuna miki hanya.

Abubuwa uku da za mu kiyaye

Na ɗaya, kada a ɗaure shi da mari ko a kulle shi a ɗaki a ce ya daina lokaci guda. Mai shan ƙwayoyin barci irin su rochi, ko giya mai yawa, idan ya tsaya kwatsam yana iya yin jijjiga har ya rasa ransa. Likita ne ke rage masa a hankali. Duka kuwa ɓuya kawai yake koya masa.

Na biyu, idan kika tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, ki kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa nan take. Don Allah kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. A tafi da kwalin abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloksun da ke karya ƙarfin irin su kodin, amma sai an isa da wuri.

Na uku, mai juna biyu da ke sha ta faɗa wa ungozoma a wajen awo. Abin yana kaiwa ga jariri, kuma dainawa ba tare da kulawar asibiti ba tana da nata haɗarin.

Me ƙungiya za ta yi?

Mu ba likitoci ba ne, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A ƙungiyar da na ba ku labari, mambobi sun amince a ciro kuɗin mota zuwa asibiti daga asusun taimako, aka ƙara wa matar wa'adin biyan bashi, mata biyu suka raka ta. Yaron ya sake sha sau ɗaya, aka mayar da shi. Har yanzu yana zuwa ganin likita, ita kuma ta dawo da zubinta. Sharaɗin da suka kafa shi ne maganar da aka yi a kan tabarma ba ta zuwa bakin rijiya.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ke hana mace faɗa idan ita ko ɗanta ya kamu?
2. Dokar asusun taimakonmu ta yarda a kashe kuɗi a irin wannan lalurar? In ba ta yarda ba, mu gyara ta?
3. Idan mamba ta karɓi bashi muka ga alamar ƙwace mata za a yi a gida, yaya za mu kare jarinta?

Aikin mako: shugaba da ma'aji su je asibitin da ya fi kusa su tambaya ko akwai mai duba masu shaye-shaye, da ranar da yake zama. Sakatariya ta rubuta amsar a bayan littafin ƙungiya, a karanta mana a zama mai zuwa in Allah ya kai mu.