Yadda Ake Zaɓen Ragon Iri Don Samun Manyan Tumaki

Aikin yana farawa ne ranar da tunkiya ta haihu. Makiyayi mai lura yakan ɗora ɗan a sikeli kafin ya kwana, ya rubuta nauyinsa, da uwarsa, da ragon da ya yi barbarar. Ɗan tunkiya irin 'Yankasa yakan zo da kilo 2 zuwa 3, na Balami da na Uda kuwa sukan ɗara haka, don asalinsu manya ne.

Sai dai sikelin ranar haihuwa yana ruɗi. Tagwaye ba sa kai tilo nauyi, mace ba ta kai namiji, ɗan fari ma yakan zo ƙarami. Cikin tunkiya wata 5 ne, kuma a makonni 6 na ƙarshe ɗan yake yin mafi yawan girmansa. Uwar da ta sami harawa da dusa a wannan lokaci za ta haifi ƙato, wadda ta sha wuyar rani ta haifi ɗan tsurut, ko da ubansu ɗaya. Wannan ciyarwa ce, ba gado ba, shi ya sa ake kwatanta tilo da tilo, tagwaye da tagwaye, waɗanda aka haifa lokaci guda.

Daga nan sai awo na biyu wajen yaye, a wata 3, wanda ke nuna yawan nonon uwa. Na uku, tsakanin wata 6 da shekara, shi ya fi bayyana abin da ɗan ya gada, don a lokacin nan da bakinsa yake ci. Irin wannan awo da rubutu ne masu bincike na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, suka daɗe suna yi a kan tumakin 'Yankasa.

Cikin mazan, wanda ya yi zarra shi ake bari, sauran a dandaƙe su ko a turke su don kasuwa. Rago ɗaya yana iya hawan tumaki 30, saboda haka rabin gadon garke daga gare shi yake. A nan ne da yawa ke yin asara: Babbar Sallah na matsowa sai a kai ƙaton kasuwa, a bar ƙanƙanin yana barbara.

Bayan shekara 2 a sauya shi da na wani garke, kada ya hau 'ya'yansa, domin barbarar dangi tana rage girma da ƙarfin jiki. Kuma kada a haɗa ƙaton Balami da ƙaramar tunkiya mai cikin fari, haihuwar takan zo da wahala.