Kukan injin tsohuwar mota

A shekara ta 1969 kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da wata mota mai ƙofa biyu, ana ce da ita 504 Coupé. Ƙanwa ce ga 504 mai ƙofa huɗu, wadda ta daɗe tana ɗaukar fasinja a hanyar Maradi zuwa Damagaram. Amma ita ba don kaya aka yi ta ba, don gudu aka yi ta. A 1978 irinta mai silinda shida ta ci tseren Safari a ƙasar Kenya, Jean-Pierre Nicolas ne ya tuƙa ta. An daina ƙera ta a 1983. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta wuce shekara 40 yanzu.

Mota mai wannan shekaru ba ta rasa kuka. Kayan gyaranta kuwa sun yi wuya, suna da tsada. Shi ya sa makanisiye na kirki ba ya saurin ɗaukar makulli ya kwance inji. Saurare yake fara yi. Yakan tambayi kansa: daga ina kukan yake fitowa? Yaushe yake zuwa, da sanyi ko da zafi? Da wane sauri yake bugawa?

Don ya gano wurin, sai ya ɗauki dogon turnabis, wato ƙarfen kwance kusa. Ya dafa tsininsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa. Ku lura da dalili. A cikin iska, amo yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A cikin ƙarfe yana yin wajen mita 5000, kuma ba ya watsewa kamar yadda yake yi a iska. Makanisiye ya dafa sama, ya dafa ƙasa, ya dafa gaba. Inda kukan ya fi ƙarfi, nan ciwon yake. Kafin haka sai ya naɗe hannun rigarsa, ya cire rawani, don fanka tana juyawa a gaban injin kuma ba ta san mai gida ba.

Kukan da aka fi ji daga sama yake fitowa: kas-kas-kas, siriri, kamar na keken ɗinki. Wannan na supap ne. Supap ƙananan ƙofofi ne. Kowace silinda tana da biyu, ɗaya ta shigar da iska da isansi, ɗaya ta fitar da hayaƙi. Tsakanin supap da ƙarfen da ke danna ta ana barin ɗan fili, saboda ƙarfe yana ƙara tsawo in ya yi zafi. A injin 504 mai silinda huɗu filin bai kai rabin milimita ba. In ya yi yawa, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe.

Yaya za a tabbata supap ce? Ga inda lissafi yake da amfani. Babban sandan injin, wanda fistan ke turawa, sai ya juya sau biyu kafin kowace supap ta buɗe sau ɗaya. In injin yana juyi 900 a minti, supap ɗaya tana buɗewa sau 450. A raba da 60, an samu bugu bakwai da rabi a daƙiƙa. Kukan supap rabin saurin injin yake bi, kuma kunnen da ya saba yana jin haka. Gyaransa ba wuya: a bar injin ya huce, a buɗe murfi, a auna filin da siririn ƙarfen awo, a ɗaure. Abin mamaki, supap mai ɗan kuka ta fi wadda ta yi tsit lafiya. Wadda aka matse ƙwarai ba ta rufewa daidai, wuta ta riƙa lasar bakinta har ta ƙone. Yaron gareji da ya ɗaure su tamau don mai mota ya ji daɗi, ɓarna ya yi.

Akwai kukan da ba ya zuwa sai an taka mota a hawa, ko an sa babban giya tana tafiya a hankali. Sai a ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Isansi ne yake fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda. Isansi maras kyau yana kawo shi, wutar buji da ta riga lokacinta tana kawo shi, haka zafin da ya wuce kima. In aka ƙyale shi ya daɗe, yana iya huda kan fistan.

Tsuwa mai tsawo daga gaba, igiyar fanka ce ta saki. A ɗiga mata ruwa kaɗan. In ta yi shiru na ɗan lokaci, an kama ɓarawo. Ƙarar sarƙa a gaba kuwa, sarƙar da ke haɗa sandunan injin biyu ce ta yi sako-sako. Wani kukan da safe kawai yake zuwa, injin na ɗumama ya ɓace. Sau da yawa fistan ne ya lashe yana karkaɗa, ko hayaƙi yake tsiyaya a bakin bututu. Irin wannan yana iya jiran ranar gyara.

Wanda ba ya jira shi ne na ƙasa. Gum-gum-gum, mai nauyi, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Tsakanin hannun fistan da babban sanda akwai wani ƙarfe mai taushi, siffarsa kamar rabin awarwaro, ana ce da shi kusine. Mai ne yake raba shi da sandan, kaurin man bai kai na gashi ba. In mai ya yi kaɗan, ko ya tsufa, ko ƙura ta shiga cikinsa, kusine ya cinye, hannun fistan ya riƙa dukan sanda a kowane juyi. Makanisiye yana da dabara a nan. Da filaya mai ƙotar roba yake zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka zare wa waya ba ta ƙona isansi, dukanta ya ragu. In kukan ya lafa da aka zare waya ta uku, ciwon yana silinda ta uku.

Mai mota zai ce: «Maigida, bari in lallaɓa ta zuwa gida, ba nisa.» Makanisiye ya ce: «A'a, Alhaji, a kashe ta nan, a ja ta.» Yana da gaskiya. Hannun fistan da ya karye yana fasa jikin injin ya fito waje, injin da ya fashe haka kuwa sai dai a nemi wani.

Tambayoyi

1. Don me amo ya fi fitowa ta turnabis?
2. Inji yana juyi 1200 a minti. Sau nawa supap ɗaya take buɗewa a daƙiƙa?
3. Wane kuka ne yake sa a kashe mota nan take?

Aiki: ku kara kunne a kan tebur, wani ya ƙwanƙwasa ɗaya gefen da farce a hankali. Ku ɗaga kai, a sake ƙwanƙwasawa. Ku rubuta abin da kuka ji.