Filash Ɗin Kake So, Ko Abin Da Ke Cikinsa?

Makon jiya da la'asar wani dattijo ya shigo shagona, ɗansa na biye da shi rungume da laftof. Bayan mun gaisa ya zaro filash daga aljihun gaban rigarsa, an naɗe shi da leda an ɗaure da zare kamar laya. Ya ce, "Injiniya, wannan abu muka kawo maka. An ce in akwai mai iyawa, kai ne."

Na yi masa tambayoyi biyun da nake yi wa kowa kafin in taɓa komai: me ke ciki, kuma hannun wa ya bi kafin ya zo nawa? Ya ce karatun mahaifinsu ne, Allah ya jiƙansa. Malamin zaure ne, kuma tun shekarun 1980 almajiransa ke ɗaukar karatunsa da tafsirin azumi a kaset, har ya koma ga Mahaliccinsa. Bayan rasuwar aka tattara kaset ɗin cikin kwalaye, aka kai wa wani ya mayar da su MP3, ya zuba a filash mai giga 16, ya cika shi maƙil. Na ce to ina kaset ɗin? Ya ce gara da yoyon damina sun ci wasu, sauran kuma an zubar lokacin gyaran gida, tunda an riga an mayar da su na zamani. A kan tambaya ta biyu kuwa, ɗan ne ya yi wuf ya ce ba wanda ya taɓa.

Na jona. Filash ya hau nan take, ko gardama bai yi ba. Folda guda ce a ciki, shaƙe da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, wajen giga 11. Na juya musu allon na ce, "Alhaji, wannan ne karatun Malam?"

Sai a lokacin yaron ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Yana cikin sake wa fayilolin suna, yana jera su shekara-shekara a kan filash ɗin, aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo ya sake sokawa, ya ji ƙarar nan ta Windows amma bai ga komai a This PC ba. Ya canja rami, sai saƙon nan ya fito yana neman a yi fomat. Ya ƙi dannawa, kuma a nan ya yi daidai. Tsoron faɗan uban ne ya hana shi faɗa wa kowa, ya lallaɓa wurin wani mai tura fina-finai a waya a bakin layinsu. Mutumin ya ce ƙaramin aiki ne. Ya danna fomat, filash ya buɗe fayau ba komai, ya ce ai bairos ne ya cinye kayan tun tuni. Don ya nuna wa yaron cewa gyara ya yi kyau, sai ya loda masa fina-finai kyauta, ya karɓi kuɗin aikinsa, har da godiya aka yi masa.

Na daɗe a wannan sana'a, amma ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Filash ɗin da yaron nan ya fita da shi daga gida lafiyarsa ƙalau. RAW kawai ya koma, wato Windows ta kasa gane tsarinsa. FAT32 na ajiye kwafin but sekta a sekta ta 6, kuma sau da yawa TestDisk na mayar da shi kafin shayi ya huce, folda-folda da sunayensu su dawo yadda suke. Ko bayan fomat ɗin ma da sauran dama, don na gaggawa ya yi, teburin fayilolin kawai ya share, sautin na nan kwance a ƙasa. Fina-finan nan su suka yi kisan. Duk gurbin da aka rubuta sabon abu a kansa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, ko Dubai ka kai ko Caina.

Na ɗauki hoton filash ɗin gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, zuwa hadis ɗina, na saki PhotoRec a kan hoton ya kwana yana tono. Abin da ya fito daga can ƙarshen, inda fina-finan ba su kai ba, bai cika rubu'in karatun ba. Babu suna, babu shekara, sai lambobi, wasu kuma guntaye ne da ke yankewa ana tsakiyar aya. Washegari Alhaji ya dawo shi kaɗai. Na kunna masa guda ɗaya. Aka fara da shuuu ɗin tsohon kaset, wani ya yi gyaran murya ya ja baƙi, sannan muryar tsoho ta biyo da fassara, can nesa ana jin kukan akuya. Alhaji ya ce, "Ƙara mini sautin, ɗana." Na ƙara. Ya saurara jim, ya ce mai jan baƙin nan yayansa ne, shi ma ya rasu. Da fayil ɗin ya yanke bai ce komai ba sai "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri", ya tambayi kuɗin aiki. Ni dai ban iya haƙurin da ya yi ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Filash ɗin da kwamfuta ta ƙi gani, galibi kayansa na nan a ciki. Abin da aka yi masa bayan ya ƙi nunawa shi ke hallaka su. In Windows ta ce ka yi fomat, kar ka yi. Kar ka zuba masa komai, ko hoto guda. Zare shi ka ajiye.

Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mini da sunan sun mutu, ko ciwon kai ba sa yi. Ramin USB na gaban kwamfutar tebur ne ya saki, ka zagaya na baya ya hau. Wani ƙurar hunturu ce ta cushe bakinsa. Wani kuma ka buɗe Disk Management ka tarar da shi zaune daram, harafi kawai ya rasa, ka ba shi ya bayyana. Ma'aikata su zo suna rantsuwa filash ya lalace don ya ƙi hawa a ofis, alhali masu kula da kwamfutocin wurin ne suka toshe USB da gangan. Direba ya sayi mai giga 64, rediyon mota ya ƙi karantawa, ya ce jabu aka sayar masa, ga shi kuwa exFAT ne a kai, rediyon kuma FAT32 kaɗai ya sani. Duk waɗannan, gwada wani rami, wata kwamfutar, ko waya da kebul ɗin OTG ya isa ya nuna maka inda matsalar take, kuma in ban da na rediyon mota, ba ɗaya a ciki da ke buƙatar fomat.

Akwai inda abin ya wuce nan. In Device Manager na nuna Unknown USB Device da lamba 43 a kowace kwamfuta ka kai shi, ko Disk Management ya ce No Media, girmansa sifili, to maganar ta koma kan kwanturola ko dalmar baki. Wanda ake barin sa tsaye a gefen laftof ana ɗora ta a cinya, bakinsa ne ke tsagewa daga ciki. In ka ji yana zafi a hannu, zare shi nan take, kar ka ce bari in sake gwadawa sau ɗaya. Kuma ka daina murɗa shi kana danne shi da yatsa don ya kama.

A nan ne 'yan gyaran gangar Auzinawa suka fi yin ɓarna. Yaro ya kalli bidiyo biyu a YouTube, ya koyi buɗe diskpart ya rubuta clean, shi ke nan ya zama injiniya. Wani ya ɗauko ChipGenius ya gano kwanturola, ya sauko da manhajar masana'anta ya yi wa filash ɗin filashin. E, zai tashi, zai nuna girmansa daidai, amma wannan manhaja an yi ta ne don a shirya sabon filash a masana'anta, ba ruwanta da abin da ka ajiye. Wani ya saki chkdsk a kan filash mai ciwo, ya daddatsa fayilolin ya tara su a FOUND.000, sannan a kawo mini a ce in haɗa. Wani ya cire alamar nan ta fomat ɗin gaggawa wai don aiki ya yi inganci, bai san tun daga Windows Vista cikakken fomat sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina ba. Ba na hana kowa neman abincinsa. Tura fim sana'a ce, ceto bayanai ma sana'a ce daban. Cewa "wannan ya fi ƙarfina" ba ya rage wa mutum komai.

Ku ma masu kawo aiki kuna da naku. Ku daina ɓoye mana abin da aka riga aka yi. Ka ce ba wanda ya taɓa, in buɗe in tarar da sawun mutum uku. Da ka faɗa tun farko, da na san ta inda zan fara. Sannan wannan ɗabi'a ta fizge filash ana cikin kwafi don Keke Napep na jira a waje. Gaskiya ne tun Windows 10 ta 1809 aka mayar da saurin cirewa ya zama tsarin asali, amma wannan bai ba ka izinin zarewa fitila na ƙiftawa ba. Aiki kai tsaye a kan filash da laftof marar batiri, a ƙasar da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, ganganci ne. Kwafe zuwa kwamfuta ka yi aikinka a can.

Ɗalibai masu kai furojet shagunan buga takardu, ku kuma naku daban ne: ka dawo ka ga foldarka ta koma shotkot ko ta ɓace, ka ruɗe ka yi fomat. Ɓoye fayilolin aka yi, layi guda na attrib ke fito da su. Na sake faɗa, kar ka yi fomat. Filash ɗin da aka rubuta tera 2 a jikinsa, kuɗinsa bai kai na giga 32 na ƙwarai ba, ka san abin da ka saya. Sabo kowane iri ne, a gwada shi da H2testw tun yana fanko.

Abokan sana'a, don Allah kafin ku danna komai ku tambayi mai kaya: filash ɗin kake so ko abin da ke cikinsa? In ya ce abin da ke ciki, a ɗauki hoto tukuna, a yi duk gwaje-gwajen a kan hoton, kuma abin da aka ceto kada a mayar da shi kan filash ɗin da ake ceto daga gare shi. In ba ka da wurin ajiye hoton ko ba ka san yadda ake yi ba, mayar masa da kayansa ka nuna masa gaba.

Kai kuma mai karatu, in akwai abin da ba ka da shi a ko'ina sai a filash guda, takardun fili ne, hotunan biki ne, ko furojet ɗin da ka shekara a kansa, ka kwafe shi a daren yau. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, ga kwamfutar gida, ga wayar ɗan'uwa. Kuma in an mayar maka da tsofaffin kaset ko hotuna zuwa na zamani, ka adana na asalin, kar ka zubar.