Gidan Farko a Garuruwan Ma'adinai: Takarda Kafin Makulli

A garuruwan ma'adinai na jihar Agadas, wato Arlit da Akokan da yuraniyom ya kafa, da Cirozerin inda kamfanin SONICHAR yake haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren yana ba yankin wutar lantarki, akwai wani irin zama wanda ba a cika samunsa a sauran garuruwan Nijar ba. Tun da SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a 1978, kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu na dindindin unguwanni, har ya zama mutum yakan shiga gidan kamfani yana saurayi, ya yi aure a ciki, ya aurar da 'ya'yansa a ciki, alhali bai taɓa riƙe takardar fili a hannunsa ba. Irin wannan ma'aikaci yakan sayi gidansa na farko ne bayan ya haura shekara hamsin, da kuɗin sallama waɗanda ba za su sake zuwa masa ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma yakan saya cikin gaggawa saboda lokacin mayar da makullin kamfani ya matso. Rufe mahaƙar COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021 ya jefa ɗaruruwan magidanta cikin wannan hali a lokaci guda, kuma dillalai sun san haka sarai.

Mai wannan rubutu, wanda aikinsa shi ne tsara takardun cinikin filaye da gidaje, ya ga ire-iren wannan ciniki da yawa, amma akwai guda ɗaya da har yau yake ci masa rai. Wani dattijo ne, makanikin manyan injuna, wanda ya yi shekara 28 yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin, da ya ajiye aiki sai ya zaɓi ya zauna a Cirozerin, domin dangin matarsa suna can, kuma a ganinsa gida ya fi sauƙin kuɗi a can bisa ga Agadas, inda farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo bayan bayyanar zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014. Wani dillali da ya sani tun a Arlit ya kai shi wani gida mai ɗaki huɗu da zaure, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida, aka yi ciniki a kan sefa miliyan 6. Mai sayarwar saurayi ne mai ladabi, ya ce gidan mahaifinsa ne da ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya kuma fito da hoton takardar mallaka, wato kwafin da aka buga a inji, mai ɗauke da sunan mamacin. Da dattijon ya tambayi asalin takardar, sai aka ce masa tana wurin kawun yaron a Tawa, za a aiko ta a mota cikin mako guda, dillalin kuma ya ƙara da cewa akwai wani mai zinariya da ya taya gidan, idan aka kwana biyu zai kuɓuce.

A nan ne dattijon ya yi abin da bai kamata mutumin da ya shafe rayuwarsa yana auna kowace ƙusa kafin ya ɗaura ta ya yi ba. An rubuta takardar ciniki da hannu a cikin wani shago bayan la'asar, shaidu biyu suka sa hannu, kuma dukansu dillalin ne ya zo da su. Aka ƙirga miliyan 6 lakadan a kan tabarma, dillalin ya karɓi la'adarsa daga mai saye, ya koma gefe ya karɓi wata daga mai sayarwa. Kashegari aka kai takardar wani ofishi aka buga mata hatimin tabbatar da sa hannu, dattijon ya ga jan hatimi hankalinsa ya kwanta. Wannan hatimi, wanda mutane da yawa suke ɗauka tamkar hukuma ta amince da cinikin, abin da yake shaidawa kawai shi ne cewa wane ne ya sa hannu a gaban ma'aikaci, kuma ba ya faɗin komai game da ko mai sa hannun ya mallaki abin da yake sayarwa. Daga nan dattijon ya shiga gyara, ya sauya rufi zuwa kwano, ya gina makewayi, ya jawo famfo, ya kashe kusan miliyan 1 da jika 700, ya kwaso iyalinsa daga Arlit. Takardar Tawa ba ta zo a mako guda ba, ba ta zo a wata guda ba, shi kuma kunya ta hana shi matsa wa yaron da yake gaishe shi da "Baba" a duk inda suka haɗu.

Bayan wata 14 sai ga sammaci. Mamacin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, ƙaramin namijin maraya ne da bai balaga ba, kuma ba a taɓa raba gadon ba. Bisa rabon shari'ar Musulunci, wanda kotunan Nijar suke amfani da shi a matsayin al'adar masu ƙara a sha'anin gado, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kashi bakwai kuma kowane namiji yana ɗaukar biyu, kowace mace ɗaya. Ke nan saurayin da ya karɓi kuɗin gida ɗungurungum rubu'in gidan kaɗai yake da shi. Asalin takardar kuwa ba ta taɓa zuwa Tawa ba, tana cikin akwatin wani ɗan kasuwa wanda mamacin ya jinginar masa da ita a kan bashin jika 800, kuma bashi ana fitar da shi ne kafin a taɓa gado. Saurayin ya riga ya tafi mahaƙar zinariya da kuɗin, ya sayi mota da injin neman zinariya, ya dawo ba ko ɗaya. Da aka zauna sulhu, magada suka ce sun yarda dattijon ya riƙe gidan idan zai biya rabonsu, shi kuwa ba shi da abin da zai biya sau biyu. Aka sayar wa wani a kan miliyan 6 da jika 400, aka fitar da bashi, aka raba saura gida takwas, rabon saurayin ya kama miliyan 1 da jika 400, shi aka miƙa wa dattijon. Kuɗin gyara kuma aka ce ya nema a wurin wanda ya yaudare shi. Ranar da ya zo ofishin mai wannan rubutu da takardunsa a cikin leda, abin da ya fi maimaitawa shi ne ai akwai hatimi a kai.

Hoton takarda ba takarda ba ne. Mamaci ba ya sayar da gida, kuma babban ɗa ba shi ne magada ba. Wanda bai ga asalin takarda ba kada ya ƙirga ko dala.

Takardun da ake haɗuwa da su a wannan yanki ba darajarsu ɗaya ba, kuma rashin bambance su shi ne ƙofar da macuta suke shiga. A cikin gari, inda aka yi lotisma, wato yanka filaye bisa taswira da fitar da hanyoyi, ma'aikatar magajin gari tana ba da takardar sallama da ake kira akt da sesiyon, wadda take ɗauke da sunan mai fili da lambar rukunin filaye da lambar filin kansa da faɗinsa. Mai saye ya ɗauki asalin wannan takarda da ƙafarsa, tare da mai sayarwa, zuwa sashen filaye na ma'aikatar, a buɗe littafin rajista a gabansa a ga ko sunan da lambobin sun dace, sannan a biya kuɗin sauya suna a fitar da takarda da sunansa. Dillali ba ya wakiltar kowa a wannan tafiya. Idan sunan da ke kan takarda na mamaci ne, sai an ga takardar taron dangi wadda kotu ta tabbatar, mai lissafa magada ɗaya bayan ɗaya tare da sunan wanda suka wakilta ya sayar, kuma rabon maraya ba ya sayuwa sai ta hannun waliyyinsa da sanin alƙali. 'Yan'uwa mata da aka aurar zuwa Ingal ko Tawa ko Damagaram su ne aka fi mantawa da su, kuma su ne suke dawowa da sammaci, da gaskiyarsu.

Sama da akt da sesiyon akwai titir fonsiye, wato shaidar mallaka ta dindindin da ake rubutawa a littafin ƙasa a ƙarƙashin hukumar haraji, tsarin da ya samo asali daga dokar mulkin mallaka ta 26 ga Yuli 1932. Saboda tsadarsa da tsawon hanyarsa, a 2006 gwamnati ta shigo da wani mai sauƙi da aka raɗa wa suna Sheda, wanda kuɗinsa yake hawa gwargwadon abin da ke kan filin, daga fili fayau zuwa mai katanga, zuwa ginin ƙasa, zuwa ginin siminti da bene. Muhimmancinsa ga wanda yake son bashin banki a fili yake, domin a dokokin kasuwanci na OHADA da Nijar take bi, gidan da aka rubuta a littafin ƙasa ne kaɗai ake iya jinginarwa jingina ta hukuma, kuma wannan ya shafi har Bankin Gidaje na Nijar da aka buɗe a 2018. Cinikin gida mai titir fonsiye ta hannun noter ake yinsa, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya tabbatacciya, wanda zai nemo bayanin ko akwai jingina a kan gidan kafin kuɗi su fita.

Kuɗin gida kuma ba sa ƙarewa a farashin da aka yi sallama a kai. Akwai la'adar dillali, wadda ya kamata a yanke ta a rubuta tun kafin a ga gidan, akwai kuɗin sauya suna, da harajin rajistar ciniki, da tambura, da ladan noter, da ladan jiyometir, wato ma'aunin ƙasa da zai nemo turakun iyaka ya tabbatar katanga ba ta ci hanya ko filin maƙwabci ba. Akwai tsohon bashin ruwa da wuta da yake bin mita, wanda sau da yawa sabon mai gida ne yake tarar da shi. Shawarar mai wannan rubutu ita ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na farashin domin waɗannan, kuma wanda kuɗinsa miliyan 6 ne cif ya nemi gidan miliyan 5. Abin takaici shi ne mutumin da zai ƙirga miliyoyi a kan tabarma ba tare da gardama ba, shi ne zai tsaya yana cinikin ladan ma'auni kamar ana ƙwace masa. A kuma rubuta farashi da lambobi da haruffa a lissafin faran, domin a bakin kasuwa da dala ake ƙirga, kuma "dubu ɗari" na mai lissafin dala faran 500,000 ne.

Filayen bakin gari, waɗanda lotisma ba ta kai gare su ba, sun fi haɗari. Jihar Agadas tana arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, kuma dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta hana wani ya mayar da filin kiwo mallakar kansa. Don haka takardar da wani mai unguwa ko shugaban ƙabila ya sa wa hannu a kan fili a bayan gari tana bukatar a kai ta gaban kwamitin filaye da ake kira Kofo, wanda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa, a ji matsayin wurin kafin a zuba tubali ko ɗaya. Gonakin lambu na gefen ƙorama suna da nasu hukuncin na gado da al'ada, kuma a nan ma asalin magada ake nema.

Ƙorama ita kanta abin dubawa ce. Wanda ya zo ganin gida a watan Maris zai ga yashi busasshe, ya ɗauka hanya ce, alhali da damina nan ruwan duwatsun Abzin yake bi. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba 2009 ba, lokacin da ruwan ƙoramar Telwa ya ɓalle ya rushe dubban gidajen ƙasa. Tsofaffin unguwa sun san inda ruwa yake tsayawa, kuma gindin katanga yana nuna tabonsa ga mai dubawa.

Sai kuma abin da ya keɓanta da garuruwan yuraniyom. Shekaru da yawa ana gina gidaje da cike hanyoyi a Arlit da Akokan da duwatsun da aka fitar daga mahaƙa, ana kuma sayen tsofaffin ƙarafa da bututu a kasuwa a yi azara da ƙofofi da su. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, da cibiyar CRIIRAD ta Faransa da ta fara aune-aune a can a 2003, da Greenpeace a 2009, sun nuna cewa wasu daga cikin waɗannan kayayyaki suna fitar da tururin yuraniyom, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Wanda zai sayi tsohon gida a waɗannan garuruwa, ko zai ɗauko ƙarfen rufi daga can zuwa Cirozerin, ya nemi a zo da na'ura a auna ɗakunan kwana kafin ya sa 'ya'yansa a ciki, kuma tsohon ma'aikacin mahaƙa ya fi kowa sanin wanda zai tambaya.

Dattijon nan yanzu yana zaune a ɗaki biyu a gidan surukansa, yana gyaran injinan ban ruwa na masu lambu don ya ciyar da iyalinsa, kuma miliyan 1 da jika 400 ɗin sun tafi a abinci da magani da kuɗin makarantar ƙananan yara. Saurayin ba shi da abin da kotu za ta kama. Dillalin, wanda ya san mamacin da matarsa da 'ya'yansa biyar tun kafin cinikin, bai mayar da la'adar ko ɓangare ɗaya ba, sunansa kuma ba ya kan kowace takarda, don haka har yau yana zaune a bakin tasha yana tarbar masu saukowa daga motar Arlit.